Yadda Ake Kallon Rawar Neman Aure ta Tsuntsayen Ruwa a Gandun Minsmere

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Mayu, lokacin da hunturu ke sakin ƙasar Ingila, tsuntsayen ruwa kan shiga hidimar neman aure. Masu fassara kan kira wannan lokaci bazara, amma kada sunan ya ruɗe ka, ba bazararmu ba ce ta zafi da gumi. Da asuba a watan Maris sanyi kan kai digiri 2 zuwa 5, wata rana ma a tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa. Abin da ke tayar da tsuntsayen shi ne tsawon yini. A wajajen 20 ga Maris, kullum yini na ƙaruwa da kusan minti huɗu, jikinsu kuwa yana amsawa: gashin ado ya fito, murya ta buɗe, namiji ya fara tsare wurinsa.

Mutane da yawa kan je kallo su koma gida ba su ga komai ba sai tsuntsaye na iyo. Abin da ke jawo haka shi ne yawo: minti biyar a nan, minti biyar a can. Rawar nan ba ta faɗowa daga sama, tana da matakai, kuma kowane mataki yana sanar da na gaba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya san alamomin farko, ya zaɓi tsuntsaye biyu ya zauna a kansu, shi ne zai ga ƙarshen wasan.

Wurin da kuma lokacin zuwa

Minsmere yana gaɓar teku a yankin Suffolk, gabashin Ingila, kuma faɗinsa ya kai kimanin hekta 1,000. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ke kula da shi tun 1947. A da makiyaya ce. A lokacin yaƙin duniya na biyu aka sako mata ruwa don tare hanyar mamaya daga teku, sai dogayen karan ruwa suka cinye wurin, kamar dai yadda kacala ke cinye hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru. Bambancin shi ne a Minsmere karan ne dukiyar. A farkon shekarun 1960 wani mai kula da gandun, Bert Axell, ya sa aka kankare ƙasa aka yi tafki marar zurfi mai ƙananan tsibirai, wanda ake ƙara masa ruwa ko a rage da ƙofofi. Don haka wuri biyu za ka raba lokacinka: tafkin tsibiran da ke kusa da teku, da kuma dajin karan da tafkin Island Mere ke tsakiyarsa.

Kowane gefe akwai ɗakunan leƙe, wato ɗakunan katako masu benci da siraran tagogi, inda mutum ke zama tsuntsu bai gan shi ba. Zaɓen ɗaki ya danganta da rana. Wanda ke gabashin tafkin tsibiran yana kallon yamma, saboda haka da safe rana na bayanka, launin tsuntsu ya fito sarai. In ka shige shi da la'asar, baƙaƙen inuwoyi kawai za ka gani a kan ruwa mai ƙyalli. Ka kiyaye wannan a kowane gandu: rana ta kasance a ƙeyarka.

Sa'o'i uku na farko bayan fitowar rana su ne na albarka, sai kuma sa'a ɗaya kafin faɗuwarta. A tsakiyar Maris rana na fitowa wajen ƙarfe 6:10, a tsakiyar Afrilu wajen 6:00, a tsakiyar Mayu wajen 5:00. Ka lura ana tura agogo gaba da sa'a ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, daga nan agogon Ingila ya yi daidai da na Najeriya da Nijar. Jirgin ƙasa daga Landan yana bi ta Ipswich zuwa Saxmundham ko Darsham, daga nan sai tasi, amma ba jirgin da zai kai ka da asuba. Mai son safiya sai ya kwana a kusa, a Westleton ko Leiston, kuma ya duba lokacin buɗe hanyoyi da kuɗin shiga tun kafin ranar.

Iska ce babbar maƙiyiya. Idan ruwa na tumbatsa, tsuntsayen nutso kan laɓe a gindin kara, sauti kuma ba ya tafiya. Safiya mai sanyi, sama garau, ruwa kwance kamar faranti, ta fi rana mai ɗumi da iska. Yayyafi kaɗan ba ya hana komai.

Kayan da za ka riƙe

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Lambar farko ita ce yawan kusantarwa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Raba 42 da 8 ka sami 5 da ɗoriya, wannan shi ne faɗin hasken da ke shiga idonka, kuma shi ya sa yake aiki da duku-duku. Ƙaramin na aljihu mai 10x25 yana ba da rabin haka, da asuba duhu kawai zai nuna maka. Kada ka kwaɗaita da mai kusantarwa 12 ko 16: rawar hannu za ta ƙaru, filin gani ya tsuke, kuma rawar aure abu ne na tsuntsu biyu, dole su shiga ido tare.

Kafin ka bar gida ka saita shi da idonka. Rufe gilashin dama, juya ƙafar tsakiya har abu ya fito sarai a idon hagu. Sannan rufe na hagu, juya ɗan zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya daidaita. Wanda bai yi haka ba, ciwon kai zai kore shi kafin sa'a guda. Mai sa tabarau ya murɗe bakin roban ƙasa. In kana da babban madubi mai ido ɗaya da ke zama a kan ƙafa uku, ka bar shi a kusantarwa 20 zuwa 30, ka ƙara kawai idan tsuntsu ya natsu wuri ɗaya.

Sutura kuma hawa uku: ta ciki mai riƙe ɗumi, suwaita, sai rigar sama mai tare iska da ruwa, launin ƙasa ko kore mai duhu. Hular sanyi, safar hannu siririya da za ta bar yatsa ya juya madubi, takalmi mai hana ruwa. Zama ne ke kawo sanyi, ba tafiya ba, kuma iskar tekun arewa na shigowa ta tagar kai tsaye. Fulas ɗin shayi da ɗan matashin zama kan ƙara wa mutum sa'a guda a kan benci. Sai ɗan littafi da fensir, domin biro kan ƙi rubutu a takarda mai laima.

Girib mai tukku: rawar da ta fi cancantar jira

Girib tsuntsun nutso ne mai tsawon santimita 46 zuwa 51, dogon farin wuya, baki kamar tsinin mashi. A wannan lokaci yana da baƙin tukku mai reshe biyu, da geza ja-ja mai baƙin baki a kumatu. Namiji da mace kamarsu ɗaya, namijin ya ɗan fi girma da tsawon baki, kuma rawar tasu ta tare ce, ba mai yi ba mai kallo. Gashin ƙirjinsa ne ya kusa ƙarar da shi a Birtaniya: ana fiɗe shi don adon tufafin mata, har a wajajen 1860 abin da ya rage bai wuce aure hamsin ba. Yaƙi da irin wannan cinikin gashi ne ya haifi RSPB a 1889. A 1912 masanin halittu Julian Huxley ya zauna a bakin madatsun ruwa na Tring yana rubuta motsin wannan tsuntsu daki-daki, ya buga sakamakon a 1914, kuma har yau a kan aikinsa ake gina bayanin rawar.

Nemi girib a buɗaɗɗen ruwa mai ɗan zurfi da kara a gefensa, kamar Island Mere. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ne abin ya fi zafi. Da farko ka ƙirga su, ka ga waɗanne biyu ne ke bin juna. Su za ka riƙe, ka manta da sauran.

Alamar farko ita ce kira. Ɗaya yana shi kaɗai, wuya a miƙe, yana wani kuka mai kaushi yana dube-dube. Yana neman abokin zamansa ne. Da ka ji, ka waiga ka nemo ɗayan, domin abin da zai biyo baya yana da sauri: ɗayan zai nutse ya taho ta ƙarƙashin ruwa dab da sama, har kana ganin layin da yake ja. Mai jiran sai ya buɗe fukafukai ya karkato su gaba, fararen tabonsu su bayyana, ya sauke kai ya baza geza. Mai nutson ya ɓullo kusa da shi, ya miƙe tsaye a hankali, baki a sunkuye, sau da yawa ya ba shi baya, sannan ya juyo su fuskanci juna. Wannan ita ce gaisuwar haɗuwa, kuma an fi ganinta idan sun ɗan rabu.

Daga nan sai girgiza kai, wadda ita ce aka fi gani. Suna fuska da fuska, wuya a tsaye, tukku a ɗage, su kaɗa kai da sauri, sannan su lanƙwasa shi hagu da dama a hankali. Can sai ɗaya ya juya ya taɓa gashin fiffikensa da baki kamar mai gyaran jiki, ɗayan ma ya yi haka. Ba gyaran jiki ba ne, ɓangaren rawar ne. A nan ake bambanta mai sani da baƙo. Idan girgizar ta yi daƙiƙa goma suka watse suka koma kamun kifi, to an gama, sai wani zagayen. Idan kuwa ta yi tsawo, taɓa fiffiken ya yawaita, sannan suka juya wa juna baya suka yi iyo a hankali kowa ya nufi gefensa, wuya a sandare, geza a baje, kada ka ƙifta ido.

Dukansu za su nutse kusan lokaci guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne bin wurin da ɗaya ya nutse da madubi. Kada ka yi haka. Ɗora madubin a tsakiyar tazarar da ke tsakaninsu, ko ma ka sauke shi ka duba da ido har su ɓullo. Kowanne zai fito da ciyawar ƙarƙashin ruwa a baki, su kwantar da wuya su nufo juna da gudu, suna haɗuwa sai su miƙe tsaye ƙirji da ƙirji, ƙafafu na dukan ruwa don kada su nutse, suna kaɗa ciyawar hagu da dama. 'Yan daƙiƙu ne kawai. Sai su sauka, su yar da ciyawar, su koma girgiza kai. Mutum kan yi safiya biyu ko uku bai same ta ba, don haka ka ba aure ɗaya aƙalla minti 45 kafin ka tashi.

Akwai abin da ke kama da rawa amma faɗa ne. In ka ga girib ya shimfiɗa wuya a kan ruwa, geza a buɗe, yana gurnani ya nufi wani, kora ce, wani lokacin ma yakan nutse ya soke shi ta ƙasa. Barbara kuwa ba a ruwa suke yi ba, sai a kan wani dandamali na ciyawa da suke tarawa a gindin kara. Ganin suna jan ciyawa zuwa wuri ɗaya alama ce rawa ta kusa raguwa. Ƙwai uku ko huɗu suke yi, kwanci kwana 27 zuwa 29, kuma 'yan tsakin masu zane-zane a kai suna hawa bayan iyayensu.

Abin da ake ji, da abin da ke sama

A cikin karan akwai wani irin zalɓe mai launin busasshiyar ciyawa, Turawa na ce masa bitan. Shi zawarcinsa da murya ne. Namijin kan cika maƙoshinsa da iska ya saki wani sauti mai zurfi, kamar an hura bakin babbar kwalba, sau uku zuwa biyar a jere, kuma a safiya marar iska ana jin sa daga nisan kilomita uku zuwa biyar. A ƙarshen Janairu da Fabrairu gurnani kawai yake iyawa, sai Maris da Afrilu muryar ke nuna. Da wannan kukan ake ƙidayar su, kuma a 1997 maza 11 kacal aka ji a duk Birtaniya. Gyaran dazukan kara irin na Minsmere ne ya dawo da su. Tsaya cik, cire hula daga kunne, ka ɗan buɗe baki, ka juya kai a hankali har ka gane ɓangaren da sautin ke fitowa. Kada ka wahalar da kanka da ɗauka a waya, sautin ya yi ƙasa da abin da lasifikar waya ke iya fitarwa. Ganinsa kuwa ya fi sauƙi a Mayu da Yuni, lokacin da mata ke tashi sama da kara suna kai wa 'ya'ya abinci. Ɗakin leƙen da aka ɗaga a kan ginshiƙai a bakin karan don wannan aka yi shi.

Daga wannan ɗakin ne kuma ake kallon shahon fadama. A 1971 aure ɗaya tak ya rage a Birtaniya, kuma a Minsmere yake. Macen ruwan ƙasa ce mai duhu da kai ruwan madara, namijin yana da toka-toka a fiffike da baƙi a ƙarshensa. Shi ba na asuba ba ne, sai hantsi ya ɗaga iska ta ɗumama, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Namijin ya hau sama sosai, ya sako kansa ƙasa yana jujjuyawa, ya sake hawa. Yawanci siririn kukansa ake fara ji daga sama, saboda haka in ka ji, ɗaga kai. Toshinsa ma a iska yake bayarwa: ya zo da ɓera ko ɗan tsuntsu a ƙafa, macen ta taso daga kara ta bi ƙarƙashinsa, ya saki, ita kuma ta kifa ta cafe da farce. Namiji mai tafiya kai tsaye da ƙafa ɗaya a sake, shi za ka bi da madubi.

A tafkin tsibirai

A nan hayaniya ce, musamman a Afrilu. Tsuntsun da za ka nema shi ne abosit, fari da baƙi, dogayen ƙafafu masu shuɗi-shuɗi, siririn baki mai lanƙwasa sama. Ya daina haihuwa a Birtaniya kusan shekara ɗari, ya dawo a 1947 a Minsmere da tsibirin Havergate, shi ya sa hotonsa ne tambarin RSPB. Alamarsa a bayyane take: macen ta tsaya a ruwa marar zurfi, ta miƙa wuya gaba dab da ruwa, ta sandare. Namijin ya riƙa zagayowa ta bayanta daga wannan gefe zuwa wancan, yana tsoma baki a ruwa yana gyaran gashin ƙirji, yana ƙara sauri har ruwa na fantsama. Bayan barbara kada ka sauke madubi, domin mafi kyawun ɓangaren na tafe: su ruga tare 'yan taku, bakunansu a gicciye, fiffikensa ɗaya a kan bayanta, sannan su rabu. Duka bai fi minti ɗaya ko biyu ba.

A makiyayar da ke kewaye akwai ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa na Turai, mai siririn tukku da baya kore mai sheƙi. Tun Maris namijin ke tashi yana tuntsurawa a iska kamar zai faɗi. In ya sauka ya dafa ƙirji a ƙasa yana tono da ƙafa, wutsiya a sama, wurin sheƙa yake nuna wa mace. Daga ƙarshen Afrilu kuma tsattsewar teku ke isowa, bayan ta yi hunturu a gaɓar Afirka ta Yamma, har da ta Ghana. Namijin kan yi shawagi da ɗan kifi a baki yana kuka, ya sauka ya miƙa wa mace. Ka ƙirga sau nawa yake kawowa cikin rabin sa'a. Macen na bukatar wannan abincin don yin ƙwai.

Agwagi: kuskuren lokaci

Wanda ya zo a Afrilu don ganin zawarcin agwagi ya makara. Agwagwar daji mai koren kai tun kaka da hunturu take zaɓen miji. Daga Oktoba zuwa Fabrairu ne ake ganin maza sun kewaye mace, wannan ya tsoma baki ya ɗago ƙirji ya yi fito yana watsa ɗigon ruwa, wancan ya ɗaga kai da wutsiya lokaci guda. Kowane motsi bai kai daƙiƙa biyu ba, sai an ɗauki bidiyo an rage gudu ake ganin sa da kyau. In namiji da mace suka fuskanci juna suna ɗaga kai suna saukewa, barbara ce ke tafe. Abin da ake gani a Afrilu, maza uku ko huɗu sun taru a kan mace ɗaya suna danna ta a ruwa, ba neman aure ba ne, fin ƙarfi ne na mazan da ba su da mata ko waɗanda matansu ke kwanci. Kada a rubuta shi a matsayin rawa.

A ruwa mai zurfi, irin madatsun Abberton da Rutland, ana samun agwagwa mai ruwan zinariya a ido. A Fabrairu namijin kan jefa kai baya har ƙeya ta taɓa gadon bayansa, baki na kallon sama, ya harba ruwa da ƙafa. Kafin ƙarshen Afrilu yawancinsu sun tafi arewa.

Ladabin wuri

Dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta haramta tayar da wasu tsuntsaye a sheƙarsu, kuma bitan, abosit da shahon fadama duk suna cikin jerin. Ko ba doka, tsuntsun da aka tayar daga ƙwai a safiya mai digiri 4 ƙwansa na iya hucewa, ko hankaka ya riga shi komawa. Saboda haka ba a barin hanya, ba a kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, ba a tashin jirgi marar matuƙi, ba a shiga da kare hanyoyin ɗakunan leƙe. A cikin ɗaki a buɗe taga a hankali, kada a fitar da hannu ko bakin kyamara waje, a yi magana ƙasa-ƙasa. In za ka nuna wa na kusa da kai tsuntsu, yi amfani da fuskar agogo: "ƙarfe biyu daga tsibiri na uku." In tsuntsu ya daina abin da yake yi, ya miƙe wuya yana kallon ɓangarenka, ka matso da yawa, ja da baya.

Mai ɗaukar hoto yana bukatar gilashi mai milimita 400 ko fiye, da saurin ɗauka 1/1000 zuwa 1/2000 na daƙiƙa. Farin ƙirjin girib da na abosit kan ƙone a hoto idan bayansu duhun kara ne, don haka a rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya a ma'aunin hasken kyamara. A kashe ƙarar kyamara. Shawarar da ta fi ita ce a kalli rawar farko da ido, a bar hoto sai ta biyu, domin wanda bai san jerin matakan ba yakan danna a makare.

Abin rubutawa a littafi: kwanan wata, lokaci, yanayin iska, wane aure, wane motsi ya biyo wane, da daƙiƙa nawa. Bayan fita uku ko huɗu za ka fara hango motsi kafin ya zo. Ana iya shigar da bayanan a BirdTrack ko eBird, shafukan intanet da masu kallon tsuntsaye ke adana abin da suka gani, inda ganin rawar aure ke matsayin shaidar cewa mai yiwuwa tsuntsun na haihuwa a wurin.

Farkon labarin yana Haɗeja da Nguru

Wasu daga tsuntsayen nan baƙinmu ne na hunturu. Ƙaramar agwagwa gargani, wadda namijinta ke da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya, tana cika fadamun Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi daga wajen Oktoba zuwa Maris, kuma a can yawancinsu ke haɗa aure kafin su tsallake Sahara. Wanda ya je tafkin Dagona a jihar Yobe ko tafkin Nguru a Fabrairu, da sassafe kafin hazo ya yi kauri, zai iya ganin namijin yana kwantar da kai baya yana wani kuka busasshe kamar an ja farce a kan haƙoran matsefi. Auren da ke isa Ingila a ƙarshen Maris an riga an ɗaura shi.

Haka ma tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu da ke sauka garke-garke a gonakin shinkafa na fadama, wanda Turawa ke kira raf. A wurinmu ruwan toka ne marar ado. A Mayu, a fadamun Biebrza na ƙasar Folan da arewacin Turai har Rasha, namijin kan fitar da geza mai faɗi a wuya, maza su taru a dandali guda suna tsalle da dambe ba tare da kuka ba, mata na zuwa suna zaɓa. Maza iri uku ne: masu duhun geza da ke riƙe da fili, masu farar geza da ke raɓawa a filin wani, da wasu 'yan kaɗan, kusan ɗaya cikin ɗari, masu kama da mata, waɗanda sai a 2006 aka bayyana su. A Minsmere ana ganin raf ne a kan hanyarsa, wani lokaci gezar ta fara fitowa.

Tsuntsayenmu na gida kuwa ruwan sama ne agogonsu, ba tsawon yini ba. Da damina ta kankama gauraka ke rawa, biyu-biyu, suna rusunawa suna tsalle da fukafukai a buɗe, balbela kuma ta yi jan gashi a kai da ƙirji da baya. Dabarar ɗaya ce da ta Minsmere, sai dai a fadama babu ɗakin katako: a nemi izinin masu gona da masunta, a zauna a gindin itace ko cikin kwalekwalen da aka ɗaure, rana a baya, a bar tazarar aƙalla mita 100 tsakani da gauraka, a kuma iso kafin masu shanu su sauko da garke.